Saniyar da Mama Shema Take Tsallakewa

Shagon madarar Mama Shema yana bayan tashar motar Nyanza, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da taki. Benci biyu ne a ciki, da tebur guda, da wata babbar tukunyar ƙarfe mai famfo da madara ke sanyi a cikinta. A wurinta ba a shan madara a tsaye, ba a kuma karɓar kofi da hannu ɗaya. Na taɓa ganin ta karɓe kofi daga hannun wani ɗan sanda ta nuna masa benci. Sai da ya zauna kamar ɗan aji ɗaya sannan ta mayar masa.

"Saniya ta tsaya aka tatse ta dominka," in ji ta. "Kai ma ka zauna mata."

Sunanta Verediyana Mukankubana, amma tun da ta haifi ɗanta Shema ba wanda ya sake kiran wannan sunan. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, shekarunta arba'in da uku lokacin da na san ta. Tun da sassafe take tarar masu kawo madara a keke, ta sansana kowace jarka kafin ta karɓa. In an ƙara ruwa, hancinta zai gaya mata. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Wanda ba ya fashin zuwa shagon shi ne wani tsohon malamin firamare da kowa ke kira Mwarimu. Da kofinsa yake zuwa daga gida, ya sha kindirmo, ya sha musu.

Ni kuwa 'yar Kanada suke ce mini, don can na yi karatu tun ina ƙarama. Da na dawo gida na sami aiki a wani ƙaramin gidan rediyo, aka ɗora mini naɗar muryoyin waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin da aka yi wa Tutsi a 1994, don a saka a makon makoki na watan Afrilu. Minti goma sha biyu ake ba kowa. Mwarimu ne ya ce in naɗi Mama Shema.

"Kowace shekara tana ba da shaida a tudun ƙauyensu," ya ce, "amma masu jin su ne dai na bara. Ki kai ta rediyo. Sai dai ki zo da batir da yawa, don sai kin gaisa da shanun ubanta ɗaya bayan ɗaya."

"Ko ba komai sun fi ka ladabi," ta amsa daga bayan tukunya.

Ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci ta rufe shagon, na ajiye rikoda a kan tebur. Kamar yadda Mwarimu ya faɗa, da shanu ta fara.

"In rana ta yi sanyi sai a hura hayaƙi a tsakar garke saboda ƙudaje. Baba ya tsuguna da tulun icce tsakanin gwiwoyinsa. Mu mata ba ma tatsa, namu shi ne mu jira a bakin ƙofa mu karɓa. Auta ne ke kiran suna. Shekararsa uku da rabi, ko wando bai iya ɗaurawa ba, amma bai taɓa rikita layin ba. Gaju. Sine. Musengo. Kaporali. Kirezi."

Ta ba ni labarin kowacce. Gaju ba ta ba da nono sai an sosa mata wuya. Musengo ɓarauniyar ganyen dankali ce. Kaporali ita ce kofur ɗin garken, ita ke tunkuɗa sauran su shiga layi, shi ya sa aka sa mata sunan. Minti bakwai muka yi a cikin garken nan, ina kallon agogo a ɓoye.

Abin da ya biyo baya da murya guda ta faɗe shi, ba hawa ba sauka. Shekarunta goma sha huɗu a lokacin. Wani maƙwabci, wanda ba ta ambaci sunansa ba, shi ya nuna wa makasa inda ubanta ya ɓuya a gonar ayaba. A ranar aka yanka shanun aka raba naman. Uwarta da yayyenta maza biyu a coci aka kashe su.

"Kafin mu rabu Inna ta ce mini, riƙe hannun Auta, ko me za ki gani kada ki saki. Kwana goma sha ɗaya na riƙe a cikin fadama. Rana ta goma sha biyu suka shigo da karnuka. Ana ruwa, hannunsa duk laka. Da na tsaya da gudu na duba, hannuna a dunƙule yake, ba kowa a ciki."

Daga baya an gano ƙasusuwan iyayenta da na yayyenta, ta wanke su da hannunta aka binne. Na Auta ba a gani ba. Ba ta da hotonsa. Sunansa na gaskiya Gatsinzi, amma a gida ba mai kiransa da shi, kuma kowane gida da nasa autan. Sau biyu ana kawo mata wani a ce shi ne, sau biyu tana kwanciya ciwo bayan an tafi da shi.

Na koma ofis na yi abin da aka koya mini: na yanke abin da nake ganin ba shi ne labarin ba. Na cire shanun kaf, minti goma sha biyu suka cika daidai. Na kawo mata ta saurara kafin a saka. Ta ji har ƙarshe, ta zare abin kunnen ta miƙo mini.

"Ina shanun?"

"Mama, lokaci ne ya yi kaɗan. Dole a bar abin da ya fi muhimmanci."

"To ki yanke zancen addunan makasan. Kowa a ƙasar nan ya san yadda adda take. Wa ya san Musengo?"

"Ki yi mata haƙuri," in ji Mwarimu. "A inda ta yi karatu, a kwali suke ganin madara. Ta ɗauka kwali ne ke haihuwa."

Na koma na mayar da shanun, na rage wani wurin. Ranar tara ga Afrilu da ƙarfe goman safe aka saka muryarta.

Da azahar aka miƙo mini waya a ofis, wai wani mai sauraro yana da ƙorafi.

"Sunana Toma, aski nake yi a Rwamagana," ya ce, yana magana da sauri. "Matar nan ta ɗazu ta tsallake saniya."

"Wace irin tsallakewa?"

"Bayan Kaporali ba Kirezi ba ce. Akwai wata a tsakani. Ina cikin yi wa mutum aski na ji ta fara, bakina yana riga rediyon faɗa, sai na ji mun rabu a nan. Ku gaya mata ta gyara. Mutumin ma yana nan da rabin kai, ya ƙi tafiya."

A makon makoki waya iri-iri muke samu. Na rubuta lambarsa na yi masa godiya, ko sunan saniyar ban tambaya ba. Washegari da na je shan madara na ba Mama Shema labarin a matsayin abin dariya. Tana cikin zuba wa wani ne. Madarar ta cika kofin ta malala a ƙasa, ita da ba ta yarda ɗigo ya zube. Mwarimu ne ya tashi ya rufe famfon.

"Mama," na ce, "shanun nawa ne?"

"Shida."

"Shekara ashirin ina jin biyar," in ji Mwarimu.

Ta zauna a bencin baƙi, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce ta shidan kyauta ce, kuma maƙwabcin nan ne ya ba ubanta ita. A wurinmu wanda ya ba ka saniya ya wuce aboki. Ba ka ɗaga masa murya, kuma duk lokacin da wani abu ya ba ka mamaki, da sunansa za ka rantse har ka mutu. Tun daga fadamar nan ta yi alkawari ba za ta sake furta sunan mutumin ba, balle na saniyarsa.

"Duk na gidanmu da ya san da ita ya mutu," ta ce. "Sai ni. Sai mai kiran suna."

Na ciro waya zan kira Toma. Ta dafe hannuna.

"Kada ki tambaye shi ta waya. Ya zo in ga bakin da zai faɗa."

Da na kira shi, Toma ya ce gobe da safe zai shiga mota. Kafin la'asar duk bayan tasha an ji. Mai gyaran waya ya kawo kujeru. Mai taki ya share gaban shagon har da na maƙwabta. Makon makoki ne, ba kiɗa ba dariya da ƙarfi, saboda haka garin ya riƙa zumuɗi a cikin raɗa, kowa ya leƙo ya sayi madarar da ba ya buƙata don ya ga fuskarta.

"Ba shi ba ne," take ce wa kowa. "Na gaya muku tun yanzu, kada wani ya zo yana kallona da tausayi gobe."

Tana faɗin haka tana goge tulun iccen da ta ɗauko daga gida, wanda ba ta ba baƙo sha da shi. Da safe ta canja zane sau uku. Ta ɗora wake da kabewa, can kuma ta sauke ta tsame kabewar tas.

"Me kabewa ta yi miki?" in ji Mwarimu.

"Ba ya ci."

"Wa? Wanda ba shi ba ne?"

"Ka sha abinka ka bar ni, tsohon banza."

Ni aka ba aikin bin motar ta waya, Mwarimu kuma ya ba kansa aikin shela daga bakin ƙofa. Ya bar Kigali. Ya wuce Muhanga. An tsaya sauke buhun gawayi. Da na ce sun kai Ruhango, 'yan acaɓa suka daina ɗaukar fasinja, suka jeru a ƙofar tasha suna gardamar wanda zai ɗauko shi, alhali tsakanin tashar da shagon ko taku hamsin babu.

Da ƙafa ya iso, mutane kusan talatin a bayansa. Gajere ne mai gemu, sanƙo ya fara cin gaban kansa, rigarsa ta sha guga. Ya tsaya a ƙofa yana juya 'yar jaka a hannu. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Duk gidanmu dogaye ne," ta ce.

"Garin masarar agaji ba ya sa tsawo, Mama."

"Zauna. Ba a magana a tsaye a nan."

Ya zauna. Ta tsaya a gabansa ta harɗe hannu.

"An ce na yi kuskure a rediyo. To gyara mini."

Ya runtse ido. Muryar da ta fito ba ta mai gemu ba ce. Ya ja kowane suna ya ɗaga ƙarshensa, kamar mai kira daga nesa.

"Gaju. Sine. Musengo. Kaporali. Ngabire. Kirezi."

Mama Shema ta laluba bayanta ta sami gefen tebur ta riƙe.

"Ngabire wace kala ce?"

"Ban sani ba, Mama. Ba na ganin su. Sunayen kawai na fito da su."

Na ga kafaɗunta sun sauka. Daga baya ta gaya mini wannan amsar ce ta fi kwantar mata da rai, don na baya biyun duk abin da aka tambaye su sai sun san shi.

Ya ba da labarinsa a taƙaice. Wata mata ce ta tsince shi a gefen hanya ta goya shi har sansanin gudun hijira a Tanzaniya, can ta rasu. Aka dawo da shi gidan marayu. Shekara guda bai yi magana ba. Da bakin ya buɗe, sunayen nan ne suka fara fitowa, kullum in rana ta yi sanyi, har yara suka riƙa tsokanarsa da makiyayin iska. An tambaye shi sunansa ya ce Auta. An tambaye shi sunan ubansa ya ce Baba.

"Sai kuma wata magana guda da nake yi in na firgita," ya ce. "Wata baturiya mai rubuta sunayen yara ta ji suna a ciki, ta ɗauka na ubana ne, ta rubuta. Ga shi har yau."

Ya ciro katin shaidarsa ya miƙa mata da hannu biyu. Ina kusa, na karanta tare da ita: Toma Sebuhoro. Fuskarta ta canja.

"Wace magana ce?"

Ya bugi cinyarsa da tafin hannu, ya karkatar da kai gefe. "Wanda ya ba ni saniya, Sebuhoro."

"Har da karkata kan," ta ce a hankali. "Baba ne wannan."

"Da na girma na gane ba ubana ba ne, wanda ya ba ubana saniya ne. Amma na ce in na same shi zai nuna mini gidanmu. Masu wannan sunan goma sha ɗaya na bi har gida. Kin san shi?"

Ta daɗe tana kallon katin.

"Na san shi. Shi ya nuna inda Baba ya ɓuya. Ya gudu Kwango, can ya mutu."

Toma ya dubi sunan da ke kan katin. "Shekara ashirin da tara ina amsa sunan."

"Ni kuma shekara ashirin da tara ina gudunsa." Ta ajiye katin a tebur. "Bayan yaƙi ana karanta sunayen yaran da ba a ga iyayensu ba a rediyo. Kullum ina manne da ita. Wata rana na ji an ce yaro mai kimanin shekara biyar, ɗan Sebuhoro. Na tashi na kashe rediyon."

Shi ne karon farko da sunan ya fito daga bakinta. Na ji tsoron abin da zai ce.

Ya sosa gemu. "To ni shekaranjiya ban kashe tawa ba, Yaya."

Kalmar nan ta ƙarshe ce ta karya ta. Ta ce, "Miƙo hannunka." Ya miƙa na dama, ta kama wuyan hannun da nata na hagu, yadda ake riƙe yaro a kasuwa.

"Gatsinzi," ta ce. "Sunanka Gatsinzi. Ni na riƙe ka ranar da aka sa maka shi."

A waje wata tsohuwa mai sayar da ayaba ta fara rawar gargajiya, tana ɗaga hannuwa sama kamar ƙahonin saniya, sauran mata suka bi ta. Ba ganga, ba waƙa, ba tafi, saboda makon da ake ciki. Ƙafafu kawai ke shafar ƙasa. 'Yan acaɓa suka cire hulunan kwano. Wani ya ruga ya gaya wa 'yan tasha, muka ji hayaniya ta tashi can ta sake kwantawa.

Mama Shema ta ce in cika tulun iccen. Na cika na ba ta, ta miƙa masa da hannunta na dama. Ya yi ƙoƙarin zare hannunsa don ya karɓa da biyu, ta ƙi saki. Ya ja a hankali, ta ƙara damƙewa. Dole ya karɓa da na hagu kaɗai, ya kafa kai.

"Jama'a ku shaida," in ji Mwarimu, yana share ido da hularsa. "Hannu ɗaya, kuma na hagu. Ni da na yi haka a shagon nan sai da aka hana ni kindirmo kwana uku."

"Kai ƙanen wa ne?" ta ce, ba ta ko waiwaye shi ba.

Ni ce na matsa a yi gwajin jini, don na ga abin da kuskure ya yi mata a baya. Sakamakon ya fito bayan mako shida. Ta sa na karanta mata, ta ce ta ji, ta ninke takardar ta toshe ƙafar teburin da ke girgiɗi. A watan Yuli, bayan kwana ɗarin makoki sun cika, ta tara dangi da maƙwabta aka yi bikin suna irin na jarirai, da wake da madara, jaririn yana zaune da gemunsa yana jin kunya. Yanzu yana aski a wani ɗan ɗaki kusa da mai gyaran waya. Kabewa kuwa ashe ya koyi ci a gidan marayu, kuma har yau ba ta yafe masa wannan ba.

Da Afrilu ta sake zagayowa ita ta aiko a kira ni.

"'Yar Kanada, kawo rikodarki mu gyara."

Na ajiye rikoda a kan tebur, su biyu suka zauna a benci ɗaya. Kafin in kunna na tambaye ta ko ta tabbata tana son a saka ta shidan.

"Ngabire baƙa ce, da farin goshi," ta ce. "Ta fi duk sauran nono. Ita ba ta nuna kowa ba. Kunna. Auta, kira su."